Keke, Kyamara da Kewa

Hausawa na cewa, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Na daɗe ina ɗaukar wannan karin magana a matsayin hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa, har sai da wata tafiya ta kai ni ƙasar Jamus a shekarar 2019, inda na haɗu da wasu bayin Allah waɗanda bana ta yi musu daɗi iyakar daɗi, amma duk da haka ba su da abin marmari sai kayan bara.

Na je birnin Kolon ne domin wani bincike na wata uku a kan kalmomin aro. Kolon da Bon sunaye ne da na fara ji tun ina yaro daga akwatin rediyon mahaifina, idan ya kama Muryar Jamus bayan sallar Magariba, saboda haka ko kafin in taka garuruwan ina jin kamar akwai tsohuwar sanayya a tsakaninmu. Wata ranar Juma'a, wani abokin aikina Bajamushe, wanda Hausa ta zauna a bakinsa sosai, ya tare ni a bakin ofis ya ce, "Malam, ka iya keke?" Na yi dariya na ce masa ai wannan tambaya ba a yi wa mutumin ƙasar Katsina ita. Abin da ban gaya masa ba shi ne, rabona da hawa keke ya fi shekara ashirin da biyar. Ya ce to in shirya, ran Lahadi za su bi gaɓar kogin Rayin daga Kolon zuwa Bon, tafiyar kimanin kilomita 30, kuma zai aro mini abin hawa.

Da na isa wurin haɗuwa sai na tarar da mutum goma sha biyu, maza da mata, kowa da kekensa. Na zaci zan ga irin kekunan tseren zamani da ake nunawa a talabijin, waɗanda yaro ma zai iya ɗaga su da hannu ɗaya. Ina! Tsofaffin kekunan ƙarfe ne, masu sirdin fata da ya sha zama har ya yi baƙi, an kuma goge su suna walƙiya kamar kwallayen amarya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, kusan kowannensu yana rataye da kyamara, ko kuma ya cusa ta a aljihun bayan riga, kuma duk irin ta dā ce, wadda ake sa wa fim. Wani dattijo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, yana da 'yar ƙaramar Rollei 35, wadda aka fara ƙera irinta a 1966. Shi da kansa ya saye ta sabuwa yana saurayi. Wata yarinya kuwa, wadda ba ta wuce shekara ashirin da shida ba, kuma aikinta ma tsara manhajar kwamfuta ne, tana riƙe da Olympus XA, ƙirar injiniyan nan na Japan Yoshihisa Maitani, wadda ta fito a 1979. Wato dai kyamarar ta girme ta nesa ba kusa ba. Kowannensu kuma akwai wayar zamani a aljihunsa, wadda za ta iya ɗaukar hoto dubu ba tare da ta ce ta gaji ba.

Ba zan ɓata wa mai karatu lokaci da labarin yadda ƙafafuna suka yi ba. Ya isa in ce na isa Bon, kuma a jirgin ƙasa na dawo. Abin da nake son bayyanawa shi ne yadda suke ɗaukar hoto. Idan an tsaya hutawa, sai ka ga mutum ya fito da kyamara, ya dubi sama ya auna hasken rana, ya murɗa wani zobe, ya matsa gaba, ya dawo baya, ya kai ta ido, sannan ya sauke ba tare da ya danna ba. Sai a tsayawa ta gaba, ko ta gaban ta, za ka ji ƙas, sau ɗaya tak, ya ja ɗan hannun da ke tura fim da babban yatsa, ya mayar da ita aljihu. Babu mai cewa a nuna masa, domin babu abin nunawa. A wunin nan duka yarinyar nan hoto bakwai ta ɗauka. Ni kuwa da na duba wayata da dare, na samu na ɗauki sittin da wani abu, kuma har yau ban sake buɗe ko ɗaya ba.

A wani wurin shan shayi na tambaye su dalili. Amsoshin farko na hankali ne zalla. Suka ce waɗannan kyamarori ƙanana ne, ba su yi wa mahayi nauyi, wasu ma kamar Olympus Trip 35, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1967 zuwa 1984, ba su buƙatar batir ko kaɗan. Suka ce kekensu da kyamararsu halinsu ɗaya, domin duk abin da ya lalace a jikinsu ido na ganinsa, hannu kuma na iya gyara shi. Da hira ta yi nisa sai ainihin maganar ta fito. Yarinyar ta ce a dā tana hawa keken zamani, da na'ura a gabanta mai ƙidaya gudu da nisa da bugun zuciya, tana dawowa gida kuma manhajar Strava ta jera ta da sauran mahaya, ta nuna wa ya fi wa. Ta ce sai ta wayi gari yawon da take yi don ta huta ya zame mata jarrabawa ta kowane mako. Fim ɗaya hoto 36 ne, kuma kowanne da kuɗinsa, don haka dole ta kalli abu da idonta tukuna, ta yanke shawara ko ya cancanta. Bayan haka sai jira, mako biyu ko uku, kafin a wanke. Ta ce ranar da hotunan suka zo kamar an sake yin tafiyar ne.

Daga baya, da na koma ga littattafai, sai na gane cewa wannan haɗi na keke da kyamara ba sabon abu ba ne, kusan ma tagwaye ne. A 1885 ne John Kemp Starley na birnin Coventry a Ingila ya fito da keken da ya kira Rover, mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna da sarƙa mai juya ta baya, wanda shi ne kakan kekunan da muka sani. A 1888 wani likitan dabbobi a Belfast, John Boyd Dunlop, ya yi tayar da ake hura wa iska domin ɗansa ya daina shan jijjiga. A wannan shekara dai, a garin Rochester na Amurka, George Eastman ya fito da kyamarar Kodak ta farko, wadda ake sayarwa da fim na hoto 100 a cikinta, in ya ƙare a mayar da ita kamfani a wanke a sake zuba wani. Keke ya ba talakan Turai damar fita daga garinsu ranar hutu ba tare da doki ba, kyamara kuma ta ba shi damar dawowa da shaida. Ba a rufa shekara goma ba kamfanin Kodak ya shiga tallata kyamarori da jakunkunan da ake ɗaurawa a jikin keke. Ita ma Leica, wadda ta shiga kasuwa a 1925 ta kuma yaɗa amfani da fim mai faɗin milimita 35, wanda ya ƙirƙiro ta, Oskar Barnack, mutum ne mai son yawon daji amma yana fama da ciwon asma, ba ya iya ɗaukar manyan akwatunan hoto na wancan zamani.

Dattijon nan ne ya fara ba ni labarin wata ƙungiya ta Ingila, Rough-Stuff Fellowship, wadda aka kafa a 1955, ta mahayan da ke barin kwalta su bi duwatsu da hanyoyin makiyaya, wani lokaci ma su saɓa keken a kafaɗa. Hotunan da suka tara shekara da shekaru an fitar da su a littafi a 2019, kuma a lokacin shi ne abin da abokan tafiyata ke ta zance a kai. Huɗu daga cikinsu kuma sun taɓa zuwa L'Eroica, wani taron mahaya da Giancarlo Brocci ya fara a 1997 a garin Gaiole na yankin Tuskani a Italiya da mutum 92. Yanzu dubbai ke zuwa kowace Oktoba. Ƙa'idarsa ita ce a zo da keke ƙirar 1987 ko kafin nan, ko mai irin wannan fasali, a bi hanyoyin tsakuwa farare, kuma hanya mafi tsawo ta haura kilomita 200. Da yawa suna sa rigunan ulu irin na dā. Wanda ya yi wannan shiri duka, ai ba zai so ya zaro waya ya ɓata kwalliyar ba.

Shi kuwa fim, an yi masa jana'iza tun da ransa. Abin mamaki, a cikin kamfanin Kodak ɗin ne wani injiniya, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, wadda ke ɗaukar daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi da fari a kaset. Ɗan da aka haifa a gidan shi ya cinye gidan. A 2009 aka daina yin fim ɗin Kodachrome, wanda aka fara tun 1935, a 2012 kuma kamfanin ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. Amma bai mutu ba, har yau yana yin fim, kuma a 2024 aka fito da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17, saboda matasa irin yarinyar nan sun farfaɗo da kasuwar.

A nan ne sana'ata ta motsa. Turawa suna kiran wannan hali nostaljiya, kalmar da wani ɗalibin likitanci, Johannes Hofer, ya ƙirƙira a 1688 daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya mai nufin komawa gida, ɗaya mai nufin ciwo. A wurinsa cuta ce da ke kama 'yan ƙasar Suwizalan da suka yi nisa da gida. Da wace kalma Bahaushe zai kira ta? Muna da kewa, muna da bege, muna da marmari. Kewa tana buƙatar sabo, domin ba a kewar wanda ba a taɓa zama da shi ba, gurbi ne da wani ya bari. Bege ya fi ta zafi da nisa, kuma ba ya buƙatar an taɓa gani da ido, shi ya sa ake begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Marmari kuwa na abin da aka daɗe ba a samu ba ne, ko wanda ba kullum ake samu ba, kamar kayan marmari. A ganina dattijon nan kewa yake yi, kuma ba kewar kyamara ba, tunda ga ta a aljihunsa. Kewar saurayin da ya saye ta yake yi. Yarinyar kuwa ba za a ce tana kewar 1979 ba, tunda ba a haife ta ba. Nata marmari ne, marmarin ƙaranci, irin na wanda tuwo ya yi wa yawa har ya fara sha'awar azumi. Da na yi wa abokin aikina wannan bayani sai ya ce, "To kai fa, Malam, wanne kake yi?" Na ce masa ni baƙo ne, kallo na zo yi. Ba gaskiya na faɗa masa ba.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975 ya sayi keke Raleigh baƙi, mai gidan sarƙa da fitila da ƙararrawa. Ba a taɓa masa shi. Kowace Juma'a da safe ni da yayana muke goge shi da tsumma, ladanmu kuwa shi ne kowa ya kaɗa ƙararrawa sau ɗaya. Ranar wata Babbar Sallah, ina aji uku, sai ga wani mai hoto, Bayarabe, ya zo daga Funtuwa, shi ma a kan keke, da akwatinsa ɗaure a kariya da igiyar roba. Kyamararsa Yashica ce mai ido biyu, ɗaya a kan ɗaya, irin wadda ake riƙewa a ƙirji a leƙa ta sama, kuma fim ɗinta hoto 12 ne kawai. Ya kafa kyalle a jikin bangon makaranta. Mahaifina ya tsaya da babbar riga, hannunsa na dama a kan keken, ni da yayana muna gefe, an gargaɗe mu kada mu ƙifta ido. Bayan an ɗauke mu, mutum uku suka roƙi aron keken domin a ɗauke su da shi, ciki har da wanda bai iya hawa ba. Shekaru da yawa bayan haka na ga hotunan Seydou Keïta na Bamako, wanda ke ajiye keke da rediyo da agogo a shagonsa domin masu zuwa hoto su ara, sai na tuna da mutanen nan uku.

Sai da kasuwa ta ci sau biyu mai hoton ya dawo. Kullum muna tambaya, kullum ana ce mana ana wankewa, ni kuma ina mamakin dattin da ya same mu haka. Ashe kalmar daidai take. Fim leda ce da aka shafa wa wani sinadari na azurfa mai jin haske. Idan haske ya taɓa shi sai ya bar sawun da ido ba ya gani, sai an tsoma shi a ruwan magani a ɗaki mai duhu sawun ya bayyana, a sake tsoma shi a wani ruwan da zai tsayar da shi, sannan a ɗauraye da ruwa a shanya. Wanki ne na gaske. Yau na'ura ce ke fesa tawada a takarda, babu ruwan da ke taɓa hoton, amma ɗalibaina har gobe cewa suke za su kai hoto wanki. Sana'ar ta tafi ta bar sunanta. Ita kuwa kalmar fim ta yi ƙaura gaba ɗaya, in ka faɗe ta a aji yanzu babu wanda zai tuna da komai sai 'yan wasan Hausa.

Sai dai kuma ba na son in yaudari kaina, balle in yaudari mai karatu. Mahaifina bai hau keke don nishaɗi ba, ya hau ne domin makarantar da aka mayar da shi tana da nisa. Ranar da ya sami babur ko waiwayar keken bai yi ba. Abokaina na Kolon sun zaɓi wahala ne suna da wurin komawa, kuma wahalar da aka zaɓa ba ɗaya take da wadda ta zaɓi mutum ba. Haka jiran wanki, wanda yarinyar nan ke jin daɗinsa, mu a wurinmu zullumi ne. Ranar da na karɓi digirina na farko, wani mai hoto ya karɓi kuɗinmu ya ɗauke mu, da muka koma sai ya ce fim ya ƙone, wato haske ya shiga ya lalata shi. Babu hoto, babu kuɗi, kuma ranar ba ta dawowa.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Mahaifiyata ba ta cikin hoton Sallar nan. Tana cikin gida, kuma mai hoto baƙon namiji ne, iyakarsa ƙofar zaure. Duk tsawon zamanin fim ba a taɓa ɗaukar ta ba, in ban da ɗan ƙaramin hoton fasfo da aka yi mata lokacin aikin Hajji, wanda ya bi fasfon ya ɓace. Wayar hannu ce ta shiga har tsakar gida. Jikokinta suka yi ta ɗaukar ta tana tsintar wake, tana dariya, tana korar su da mafici. Na tattara hotunan duka a wayata, ina cewa wata rana zan kai wanki. Ta rasu a farkon 2016. Bayan wata huɗu aka zare mini wayar a wata tashar mota. Na bi jikokin ɗaya bayan ɗaya, wannan ya canja waya, wancan katinsa ya lalace, wata ta goge don ta sami wurin sa wasu. Abin da na samu shi ne hoto ɗaya mai dishi-dishi, ta juya baya. Saboda haka ba ni da bakin zagin waya, domin ita ta ba ni fuskar mahaifiyata, abin da fim bai taɓa yi ba. Amma takardar nan guda ɗaya, wadda ta sha damina fiye da arba'in a ƙasan akwati, tana nan, har ana iya ƙirga wayoyin ƙafar keken.

Wannan ne abin da ke raina a wurin shan shayin nan, lokacin da na ce kallo na zo yi. Kafin mu tashi, dattijon ya ce in tsaya kusa da keken aro, ya daɗe yana murɗe-murɗensa, ya danna sau ɗaya. Ya karɓi adireshina a takarda. Na dawo gida, aiki ya taso, na manta.

Bayan kusan wata biyu da dawowata sai masinja ya kawo mini ambulan mai kan sarkin Jamus. A ciki akwai hoto baƙi da fari, da ɗan yankin nagatif a naɗe cikin takarda, an rubuta rana da wuri da fensir a baya. Da na je gida na buɗe akwati na ɗauko na mahaifina na jera su a kan tabarma. Na girme shi a hoton da kusan shekara goma sha biyar. Hannuna na dama yana kan keken, daidai inda ya ɗora nasa, kuma ba na tuna cewa na yi niyyar yin haka.

'Yata ta shigo ta gan su, ta ce, "Baba, tsaya in ɗauka." Kafin in yi magana ta zaro waya ta ɗauki hoton hotunan, ta tura wa dangi. Ba a yi minti biyar ba yayana ya kira. Bai ce komai a kan nawa ba. Ya ce an rubuta a ƙasa wai Sallar 1978 ce, alhali shi ya tabbata 1979 ce, shekarar da Shagari ya hau mulki, domin ya tuna hular da ke kansa. Na ce, "Yaya, ina aji uku fa." Ya ce ai aji huɗu nake. Na juya hoton domin in kafa masa hujja da hatimin mai hoto, sai na tarar tawadar ta koɗe, ana ganin Funtuwa da 197, lambar ƙarshe kuwa ta tafi. Ya ce in ajiye masa hoton, zai zo da Sallah ya gani da idonsa, kuma akwai wani tsohon mai faci a garinmu da yake jin ya san hannun da keken ya faɗa.